Taragon da Ke Jiran Mai Ɗauka

A kasuwar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na wasa a birnin Toledo, Marlys ta sayar da rabin kayanta tun da hantsi, amma hankalinta na kan tsohon da ke teburin kusa da nata. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigarsa ta yi masa yawa.

Gari guda ya ƙera a kan katako yadda yake a 1956. Ga gada, ga layin kamfanin kudu, ga na arewa, ga ɗan guntun layi a tsakani inda wannan ke ajiye tarago, wancan ya zo ya ɗauka. Ta ji yana cewa gobe za a kai shi gidan tsofaffi, dole garin ya sami mai shi yau.

Wani mai saye ya ɗauki kan jirgin kamfanin kudu ya ɗora a layin arewa.

"Sauke shi, samari. Bai taɓa taka nan ba," in ji tsohon.

"Haba Baba, abin wasa ne fa! Yanko min ɓangaren gadar nan, in biya yanzu."

"In na yanka, wa zai karɓi kayan da aka ajiye a guntun layin?"

Mutumin ya yi dariya ya wuce. A lissafin Marlys, shi ne na huɗu da ya tafi bai saya ba. Ta raya a ranta, ko dai a wannan mahaɗar layukan ne mahaifin tsohon ya ƙare ƙarfinsa?

An fara naɗe tebura. Tsohon ya tura tarago ɗaya da yatsa zuwa guntun layin, ya janye hannu, ya tsaya yana kallon ƙofa.