Shafin Masu Ba da Jini Yana Aiki, Yaya Musaddiq

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Musaddiq Bamalli na unguwar Magajiya, bayan ya sha fama da ciwon sikila tun yana ƙarami.

Yaya Musaddiq, ni ne Muhsin mai gyaran waya, maƙwabcin shagonka a unguwar Hashimi, wanda ya laƙa maka Malam Matsi har sunan ya bi ka masallaci. Ni ne nake juya maka allon kwamfuta ƙasa a sama idan ka fita alwala. Ba ka taɓa fushi ba. Sai ka ce tunda hannuna ba ya zama, in jawo kujera in koyi abu.

Makarantar allo kawai na yi, amma ka fahimtar da ni aikinka. Ka ce shafin intanet rubutu ne ake ce masa kod, kuma ana matse shi, a cire duk fili da bayanin da ke tsakani, don ya buɗe da sauri ko sabis ba ƙarfi. Na ce ashe direban Abuja ne kai, huɗu a baya biyu a gaba. Ka yi dariya har da tari. Ka ce haka ne, kuma a matsin nan wani fasinja ƙafarsa ke mutuwa. Shi ya sa ba ka taɓa matse fayil ba sai ka ajiye na asali a gefe.

"Idan shafi ya lalace bayan matsi," in ji ka, "kada ka tsaya tonon dunƙulen. Sauke kowa, ka mayar da su ɗaya-ɗaya. Wanda ya yi ƙara, bar shi ya zauna shi kaɗai."

Kyauta ka gina shafin masu ba da jini na Suleja, domin ka san zaman jira a gadon asibiti. Bayan an kai ka makwanci, abokin aikinka Damilare ya sa hotonka a shafin da addu'a, ya matse komai kamar kullum. Washegari maɓallin neman jini ya mutu. Ana dannawa, shiru. Ga Malam Isiyaku daga Zuma yana kira, matarsa ta haihu tana zubar da jini, irin jininta kuma ba kowa ke da shi ba.

Ba mu rikice ba, Yaya. Damilare ya zauna a kujerarka, na tsaya a bayansa. Na asalin yana inda kake ajiyewa. Muka sauke kowa, maɓallin ya farfaɗo, sannan yana matse fayil ɗaya-ɗaya, ina dannawa a wayata. Da muka zo kan wanda ke aika wa masu ba da jini saƙo, maɓallin ya sake mutuwa. Shi muka bari ba matsi, maɓallin ya dawo aiki, saƙo ya tafi. Kafin azahar wani ɗan acaɓa ya isa asibitin da matar take ya ba da nasa. Matar tana gida yanzu, tana shayar da ɗanta.

Shafin nan ba zai rufe ba muna raye.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya yalwata maka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Luba mahaifiyarka, da matarka Anti Fiddausi, da 'yarka Jannat. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.