Fayil ɗin Hedimasta

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Funtuwa, ni da abokin aikina. Iskar farkon damina ta yaye kwanon ɗakin ajiyar tsofaffin fayil-fayil a Kaduna, aka ce kowane ofis ya zo ya tsamo nasa. A tasha tsohon hedimastanmu, wanda ya koya mini riƙon alƙalami, ya tare ni da sandarsa. Shekara biyu da ritaya ba fansho, don an rasa takardar da ke nuna ranar da ya fara aiki. Na bugi ƙirji na ce ya ɗauka ta zo.

Direbanmu har lokacin bai yarda an koma tuƙi ta hannun dama ba, salati muka sha har Zariya. Nan muka karya da waina ta kwabo goma, mai ya fi shinkafar yawa. Da hantsi muka sauka Kawo, a Kaduna.

Ɗakin sai warin rima, takardu jibge sun kumbura kamar burodi. Allah ya taimake ni, kafin azahar na ci karo da fayil ɗin hedimasta, sharkaf. Maigadin wurin, wani dattijo mai makarantar allo a Abakwa, ya ga na nufi tsakar gida da shi.

"Ɗana, jiƙaƙƙiyar takarda ba ta son rana. Jingine shi a inuwa kwana uku, kada ka buɗe. Haka na ceci littattafan mahaifina."

Na gode masa a fatar baki. Ni da satifiket ɗina, maigadi zai koya mini takarda? Ga shi ina son kwana a gida. Na shanya shi a rana bisa siminti, gefe ya bushe ya ƙanƙance, ciki na jiƙe. Na sa yatsa na ɓamɓaro shafin farko. Rabi ya biyo ni, rabi ya zauna, ranar da nake nema ta narke a babban yatsana. Dattijon ya ci gaba da jera na wasu a inuwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gane cewa ruwa jiƙawa kawai ya yi, ɓarnar tawa ce. Amma da na iso gida na tarar da hedimasta a ƙofarmu, sai na ce masa ruwa ya cinye. Ya riƙe hannun nan mai tawada, ya yi ta sa mini albarka saboda wahalar da na sha.