Ranar da Oga Danladi ya hana Baba Bulus yanka katako

Ku da kuka zo aiki bayanmu, ba ku san Oga Danladi da bakinsa ba. Ni kuwa har gobe ina tuna wata Talata a shagonsa na kafinta da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, inda na yi shekara goma sha shida ina haɗa kujeru.

Tsarin shagon haka yake. Oga shi ne mai wuri, shi ke fita neman kwangila. Mutum ne mai fara'a da zaƙin baki, kuma bai iya cewa a'a ba. Baba Bulus shi ne mataimakinsa, katako da ma'aikata duk a hannunsa suke. Kullum sai sun yi musu. Oga zai dawo da murna ya ce ya yi alkawarin sati biyu, Baba Bulus ya ce, "Oga, ka koma ka ce masu sati biyar." Oga ya yi ta faɗa, daga baya ya hau mashin ya koma.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Oga. Ya tashi, amma magana ta tafi. Duk da haka, kowace safiya Baba Bulus yakan je ya ɗauko shi a keke napep, ya zaunar da shi a bakin shago, ya karanta masa ayyukan ranar.

A shekarar ne wani coci a Nok ya ba mu aikin benci arba'in, za a keɓe sabon gininsu kafin Kirsimeti. Baba Bulus da kansa ya karɓi aikin, ya kuma yarda da ranar, don yana tsoron a ce shago ya mutu tun Oga na raye. Katakon da aka kawo ɗanye ne. A sana'armu, ɗanyen katako sai ya yi watanni a inuwa, in ba haka ba benci zai lanƙwashe ya tsage bayan an kai shi. Dukanmu mun gani, ba wanda ya tanka. Baba Bulus ya ce mini, "Yakubu, kunna inji."

Na kai hannu ke nan sai muka ji ƙara. Oga ne ya jawo ƙafa har wurin tulin katakon, yana buga shi da sandarsa. Ya buga, ya kasa kunne, ya dubi Baba Bulus, ya girgiza kai.

"Oga, lokaci ya ƙure. Fasto na jira," in ji Baba Bulus.

Oga ya ɗora sandar a kan injin, ya ƙi ɗagawa.

Baba Bulus ya yi dariya, idonsa ya cika da hawaye. "Shekara ashirin ni ke hana ka. Yau kai ka hana ni?" Ya juyo gare ni. "Kashe wuta. Nemo mana mota, za mu Nok."

Ni na tuƙa su. A gaban Fasto da dattawan coci, Baba Bulus, wanda bai taɓa iya lallashi ba, ya riƙe hularsa yana in'ina. Ya ce laifinsa ne, ya yi alkawarin da katako ba zai cika ba. Wani dattijo ya harzuƙa, ya ce a ba wani shagon. Oga na zaune, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya riƙe na Baba Bulus, bai saki ba.

Fasto ya dube su, ya ce, "Baba, yaushe zai bushe?"

"Kafin Ista, in Ubangiji ya yarda."

Da bencin makarantar firamare suka yi bikin keɓewar. Namu muka kai ana saura sati ɗaya Ista. Oga bai ga wata Istar ba bayan wannan.

Bara na je jana'iza a cocin, na zauna a kan ɗaya daga cikin bencin da muka yi, na shafa ƙarƙashinsa. Ko tsaga babu.

Abin da na koya shi ne, shago na buƙatar mai cewa to da mai cewa a'a, kuma dole su zama mutum biyu masu jin maganar juna. Ni yanzu da nake da nawa wurin, mai cewa to nake. Shi ya sa in mataimakina Istifanus ya hana ni abu a gabanku, kuke ganin na yi faɗa, sannan na bi maganarsa.