Gaisuwar da Ta Cinye Gwiwar Ɗan Yayana

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta da su, amma wannan ko na so in manta ba zai bar ni ba. Shekarar ma ba sai na tambayi kowa ba. Ita ce shekarar da ruwan Agusta ya kayar da katangar zaurenmu ta gabas a Ƙofar Jatau. Muna cikin kwaɓa ƙasa za mu tayar da ita sai mota ta tsaya a ƙofar gida, aka fito da ɗan yayana yana dogara sanduna biyu, ƙafarsa ta hagu a miƙe sambal cikin ɗauri.

Shekarunsa ashirin da ɗaya a lokacin. Tun yana ƙarami a filin bayan ganuwa yake wuni, har mahaifinsa ya gaji da duka ya ƙyale shi. Da ya girma wata ƙungiya ta kudu mai buga gasar ƙwararru ta ɗauke shi, yana buga musu lamba sha ɗaya. Kaka biyu ya yi musu, muna jin sunansa a rediyo. Ya taɓa samun targaɗe a idon sawu, ya warke. Wannan karon wani ɗan baya ne ya shigo masa ta gefe, gwiwar ta murɗe. Aka yi masa aiki, aka ce ya dawo gida ya yi jinya, kocinsa kuma ya yi masa alkawarin cewa in ya dawo da ƙafarsa kafin sabuwar kaka, gurbinsa yana nan.

Ni sana'ata ɗinkin babbar riga ce, a zaure nake wuni da allura da zare, don haka ni aka ɗora wa kai shi asibiti ganin likita. Likitan ya ɗaga hoton gwiwar ya nuna mini wani ɗan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwa, ya ce shi ne ya yage aka ɗinke. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, takardar da ya ba mu ba ta amfane ni da komai ba, sai na sa shi ya maimaita mini sau uku. Ya ce wata huɗu cur yaron kada ya tsuguna, kada ya durƙusa, kada ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa. Salla a kan kujera. Na ce, “Likita, ai wannan mai sauƙi ne, na ɗauka wani magani mai wuyar samu za ka ce.” Ya tambaye ni a ina muke zaune. Na ce cikin birni. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce, “To, Malam, Allah ya taimake ku.” Ban gane abin da yake nufi ba sai washegari.

A gidanmu, kai a unguwarmu gaba ɗaya, yaro ba ya gaida babba a tsaye. Sai ya cire takalmi ya kai ƙasa. Shi kuma wannan yaron da haka aka san shi. In ya zo hutu, a bakin layi yake fita daga mota, ya bi dattawan dakali ɗaya bayan ɗaya yana durƙusawa cikin ƙura da fararen kayansa. Iyaye har misali suke yi wa 'ya'yansu da shi. Yanzu kuma ga shi kwance ba lafiya, unguwa duka za ta zo dubiya.

Na ajiye masa kujerar roba a zaure da wani ɗan benci na ɗora ƙafa, ni kuma na zauna kusa da shi da ɗinkina. Duk wanda ya yi sallama, kafin ya gama cire takalmi na riga na ce, “A yi haƙuri, likita ya hana shi durƙusawa.” Ranar farko na faɗi wannan magana har bakina ya bushe. Wasu su ce Allah ya sawwaƙe. Wasu kuwa sai sun tanka. Wani maƙwabcinmu mai sayar da goro ya ce, “Au, yanzu har gaisuwa ma sai da takardar likita?” Gwaggonmu da ta zo daga Ƙofar Kibo ta tsaya a kansa tana riƙe da ƙugu, ta ce, “Ni 'ya'ya tara na haifa a durƙushe, gwiwata ba ta ce komai ba. Kai ƙwallo kawai ka buga.” Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma na ga kunya ta kama shi.

Abin da ya fi ba ni wahala ma shi kansa ne. Da ya ji muryar babba sai jikinsa ya fara zamewa daga kujera da kansa, kamar ana jan sa da igiya. Sai in damƙo wuyan rigarsa ta baya in ce, “Zauna!” Ya ce, “Baffa, wallahi kunya nake ji. Mutum sa'an kakana yana tsaye ni ina harɗe a kujera.” In ce, “Ji kunyar, ba ta kumbura.” Rigunan mutane biyu na ɓata wa ɗinkin aska na gaban riga a makon nan, saboda ido ɗaya yana kan allura ɗaya yana kansa.

Na sa kafinta ya yi masa wata kujera mai rami a tsakiya saboda bayan gida, tunda namu na tsuguno ne. Kafintan bai iya bakinsa ba, kafin la'asar duk majalisar bakin layi ta ji. A masallaci kuma na ajiye masa kujera a ƙarshen sahu, wurin da tsofaffi masu ciwon baya suke zama. Limaminmu da kansa ya ce ya halatta, babu komai. Amma fatawar liman daban, bakin unguwa daban. Aka fara cewa ai yaro ya je kudu ya ga kuɗi, kai ya kumbura, yanzu ko goshinsa ba ya iya kai wa ƙasa. Wani ya ce ya gan shi yana takawa ba sanda a tsakar gida, to wane irin ciwo ne yake barin mutum ya yi tafiya amma ya hana shi gaisuwa? Ni ina ji ina haɗiyewa. Mutane sun san ni da haƙuri, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan abin yabo ne.

Maganar ta kai kunnen Yaya, mahaifinsa. Yaya mutum ne da ya fi son a ce gidansa ya ƙone da a ce ɗansa ba shi da tarbiyya. Ya same ni a zaure bayan azahar ya ce, “Wai har yaushe za a ci gaba da wannan abin? Ana ta magana.” Na ɗauko ƙyalle biyu na yi musu ɗinki ɗaya siriri, na ja su a hankali, suka riƙe. Na fizga, suka rabu. Na ce, “Yaya, haka gwiwar take. Saura wata biyu da 'yan kwanaki.” Ya ce, “Kai komai sai ka mayar da shi ɗinki. Ban ce ya durƙusa wa kowa ba. Amma akwai manyan da ba a yi musu haka.” Na koma kan ɗinkina. Yayana ne, tun muna yara ban taɓa mayar masa da magana ba.

Ranar Juma'ar mako na bakwai, bayan an sauko daga masallaci, sai ga Alhaji an riƙo masa hannu. Alhaji aminin marigayi mahaifinmu ne, ya haura tamanin, idanunsa sun yi rauni ƙwarai. Shi ya raɗa wa Yaya suna, shi ya karɓa mini aure. Bai cika fita ba, amma ya ce sai an kawo shi ya duba jikansa mai ƙwallo. Zaure ya cika da mutanen da suka biyo shi. Aka shimfiɗa masa buzu ya zauna, dukkanmu muka zube a gabansa, har da ni, har da Yaya.

Ga maganar a bakina, wadda na faɗa wa mutum ya fi ɗari. Amma ga Alhaji sai ta ƙi fita. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa aminin ubana, jikanka ba zai durƙusa maka ba? Na ce a raina bari ya gama zama tukuna, bari a gama gaisawa tukuna.

Yaron ya tashi daga kujera ya tsaya, ya rusuna da kansa kawai, ya ce, “Barka da Juma'a, Alhaji.” Alhaji ya ɗaga kai yana laluben inda muryar take, ya ce, “Wane ne wannan tsaye a kaina kamar soja?” Wasa yake yi, haka yake da jikoki. Amma zaure ya ɗauki dariya, mai goro har da tafa hannu. Yaya bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi ɗansa, ya ce, “Kai.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Yaron ya jingine sandarsa a bango ya tafi ƙasa gaba ɗaya, har ɗuwawunsa ya taɓa dugadugansa. Na miƙa hannu, rigar ta yi mini nisa.

Da a nan ya tsaya ya tashi, wataƙila da an tsira. Amma Alhaji ya kamo hannunsa ya riƙe gam, ya tambaye shi jiki, ya tambaye shi mutanen kudu da abincinsu, ya ba shi labarin yadda kakansa yake tsere da jaki. Sannan ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Duk wanda ya san Alhaji ya san addu'arsa ba ta gajarta. Ya roƙa wa iyaye, ya roƙa wa unguwa, ya roƙa wa ƙasa, sannan ya zo kan gwiwar, yana roƙon Allah ya ɗinke ta ya mayar da ita fiye da da. Ina kallon zufa tana bin wuyan yaron, ƙafar tana rawa, ya cije leɓe. Ni kuma ina durƙushe a gefensa, hannuwana a sama, ina cewa amin. Har yau in na tuna wannan amin ɗin tawa sai in ji kamar in mari kaina.

Da aka shafa ya yunƙura zai tashi, sai muka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an karya tsinken tsintsiya. Ya koma ya dafa ƙasa. Ya ce, “Baffa, ta ƙi miƙewa.” Kafin magariba gwiwar ta yi kamar ƙwarya.

Likita ya sake ɗaukar hoto. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce ɗinkin ya ɓalle, kuma wurin ya yage yadda ba zai sake ɗinkuwa ba, sai dai a yanke a cire. Aka sake yi masa aiki. Sabuwar kaka ta fara ba shi, aka ba wani lambarsa. Da ya koma daga baya, wasa huɗu ya buga, kowanne sai gwiwar ta tara ruwa a zuƙe da allura. A na biyar tsokar cinyarsa ta tsinke, saboda yana kare ƙafa ɗaya yana ɗora wa ɗayar nauyi. Ƙungiyar ta sallame shi. Ya gwada wata ƙarama a nan arewa, bai kai rabin kaka ba likita ya ce in yana son ya yi tafiya da ƙafarsa a shekara arba'in, ya ajiye takalman.

Sai ga mutanen nan dai sun sake cika zauren, wai jaje. Mai goro ya ce shi tun farko ya san baki ne ya kama yaron. Gwaggo ta ce abokan wasansa ne suka yi masa asiri, da an kai shi wurin mai ɗori da tuni ya warke. Kowa ya ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma babu ko mutum ɗaya da ya ce, mu ne muka dame shi da surutu.

Wanda ya ƙarasa ni shi ne Alhaji. Bayan wata uku da waccan Juma'ar wani jikansa ya ba shi labarin yadda abin ya faru, ya aiko a kira ni. Na same shi yana hawaye. Ya ce, “Kai da kake zaune kusa da ni, me ya hana ka gaya mini? Ni da ba na gani, ina ruwana da tsaye ko zaune? Da ka ce mini likita ya hana, wallahi da ni zan tashi in ba shi buzun ya miƙe ƙafa.” Duk unguwa na gaya wa, har waɗanda ba su ji ba, na tsallake mutum ɗaya tilo da zai ji.

Abin da na koya shi ne, akwai shirun da ba ladabi ba ne, tsoro ne kawai aka sa masa riga. In an ba ka amanar lafiyar mutum, ka faɗi maganar ko a gaban wa, a ce ba ka da kunya na yini ɗaya. Babba na gaskiya ba ya son girman da zai nakasa yaro, mu na ƙasa ne muke yanke masa hukunci ba mu tambaye shi ba.

An yanka gwiwar sau biyu. Kaka uku suka tafi tsakanin gado da benci. Ƙungiya biyu ya rasa. Ya bar ƙwallo yana da shekara ashirin da huɗu. Ni da Yaya mun yi shekara guda ba abin da ke haɗa mu sai ina kwana. Duk a kan gaisuwa ɗaya, wadda mai ita bai ma nema ba.