Ƙaiƙayin Kande da Igiyar Dogo

Bana, kafin damina ta kama, saura kaɗan in rasa katangar gidana. Ina zaune a Narayi, a gidan da ni da marigayi mijina muka gina da bulon ƙasa, ɗaki bayan ɗaki. Gidan yana can ƙasan layi, inda duk ruwan unguwa yake gangarowa ya gaishe ni ko ban gayyace shi ba. Mutanen layinmu suka kafa kwamiti, suka ce za a haƙa lambatu. Aka ba Yakubu aikin, ɗan maƙwabcina, wanda ya gama karatun injiniya bara. Ya zo da tef da igiya, ya ja layi miƙe sambal daga saman unguwa har bakin titi, ya bi da shi ta gindin katangata. Ni kuwa na san tsakanin gidana da titi akwai ɗan tudu, wanda ido ba ya gani amma ƙafa tana ji. Ruwa zai zo nan ya tsaya, ya kwanta a jikin bulona, ya jiƙa shi har ya zube. Ina tsaye ina kallon igiyar nan, sai Kaka Ladi ta faɗo mini a rai.

A Kakuri na girma, lokacin da masaƙa ke aiki ba dare ba rana. Babanmu a can yake. Gidan haya muke, mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya, kuma kowace ƙofa da yarenta: ga mutanen Binuwai, ga na Filato, ga mu na kudancin Kaduna. Da Hausa muke faɗa, da ita muke shiryawa. Kaka Ladi mahaifiyar babanmu ce. Ta baro ƙauye ne da niyyar yin wata biyu, ta zauna har ƙarshen ranta, kuma kullum cewa take bayan girbi za ta koma.

Murhunta yana lungun tsakar gida, kusa da randa. Da rana ta faɗi, jiniyar masaƙa ta yi ƙara, maza masu aikin yamma suka fice da kwanukansu, sai ta jawo 'yar kujerarta ta fara jera masara a kan garwashi. Ba ta kiran kowa. Ƙamshin ne yake kiranmu. Mu yaran gidan mukan zauna a kan buhu, tuwo yana kan wuta, iyayenmu mata suna kai da kawo suna yi kamar ba sa saurare. Dokarta biyu ce. Wanda bai wanke ƙafa ba ba ya zama, wanda ya taɓa masara kafin ta ba shi ya rasa rabonsa. Ni ce mai gadin dokar, don tun ina ƙarama idona ba ya barin komai ya wuce. Kaka takan ce, "Saratu, ke da an ba ki hular 'yan sanda da kin kama rabin Kakuri."

In za ta fara sai ta buga tafin hannunta a gwiwa ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya."

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Tatsuniyoyinta da yawa na ruwa ne, don a bakin kogi aka haife ta, kuma babanta ɗan fito ne, mai ƙetarar da mutane a kwalekwale. Wadda ta fi zama mini ita ce ta Kande mai agwagi.

Wai akwai wani ƙauye na masu ginin tukwane. Yumɓunsu ba a samun irinsa, amma tsakaninsu da kogi akwai fadama mai faɗi. Da damina, in kogi ya cika, fatake sukan hauro da kwalekwale ɗauke da gishiri da busasshen kifi, su tsaya a bakin ruwa suna jiran tukwane. Mata su ɗauko tukwane su ratsa taɓo. Wannan ta zame, waccan ta faɗi, kafin a kai bakin kogi rabin kayan ya zama kasko. A nan Kaka takan yi mana kwaikwayon mace ta zame, ta ɗaga ƙafa ɗaya sama tana cewa "Wayyo tukunyata, wayyo ƙuguna!" har zanenta ya kusa taɓa wuta, mu kuma muna birgima don dariya.

Da abin ya ishe su, mai gari ya ce a yi gayya da rani, a haƙa wa ruwa hanya daga kogi har cikin gari, kwalekwale ya riƙa zuwa da kansa. Aka ba wani mai suna Dogo shugabancin aikin. Dogo ƙaƙƙarfa ne, in ya ɗaga magana maza suna bin sa, kuma ya taɓa tafiya nesa ya ga layin dogo, ya dawo yana cewa duk abin kirki a miƙe yake. Ya sa aka tuƙa doguwar igiya, aka ja ta daga bakin kogi zuwa gindin tsamiyar gari.

Sai ga Kande. Gwauruwa ce mai kiwon agwagi, kullum tana fadama, ƙafarta ba ta rabuwa da laka. Ta dubi igiya ta ce, "Dogo, ka tambayi ruwan ko nan yake so ya bi?"

Dogo ya ce, "Iya Kande, ruwa baki gare shi?"

Ta ce, "Ƙafa gare shi. Ku bari a yi ruwan fari. In ya sauka, a watsa ƙaiƙayi daga ƙofar gari, a bi shi a baya. Duk inda ya bi zuwa kogi a kafa turke. Hanyar da ruwan sama ya gangara, ita kogi zai hauro in ya cika."

Maza suka yi ta dariya. Wani ya ce a ba agwagi fartanya su ma su zo gayya. Aka yi haƙa bisa igiya, wata guda cur, ana kiɗa ana shan kunu.

Damina ta zo, kogi ya cika, ruwa ya shigo sabuwar hanya da gudu, mutane suna binsa suna guɗa. Ya yi rabin tafiya, sai ya ci karo da tudun da ba wanda ya lura da shi. Ya tsaya. Ya yi ta taruwa, ya yi ta taruwa, sannan ya fasa gefe ya nufi gidan da ya fi kusa. Kaka takan dakata a nan ta juya masara, ta bar mu a rataye.

"Gidan wa, Kaka?"

"Gidan wa kuke tsammani? Dogo ya tashi da safe ya tarar da tarwaɗa a ƙarƙashin gadonsa, agwagin Kande kuma suna iyo a tsakar gidansa, suna gaishe shi da kwana."

Nan ne nake so tatsuniyar ta ƙare. Amma Kaka ba ta taɓa tsayawa a nan ba. Ta ce Dogo ya shige ɗaki don kunya, ya ƙi fita, maza kuma suka ce su da haƙa har abada. Kande ta bar shi kwana bakwai. Ranar da hadari ya sake haɗuwa, ta je ta ƙwanƙwasa masa, ba kowa a tare da ita, ta miƙa masa ƙwaryar ƙaiƙayi ta ce ya riƙe mata don hannunta yana ciwo. Suka bi ƙaiƙayi su biyu a cikin ruwa, shi yana kafa turaku. Hanyar ta karkace nan ta lanƙwashe can, ta zagaye tudun, ta faɗa kogi. Da rani ya dawo, Dogo ne ya tsaya a dandali ya ce ya gano inda ruwa yake so. Maza suka ɗauki fartanya suka bi shi. Kande tana gefe tana ba agwaginta dusa. A daminar da ta biyo, kwalekwale ya zo har gindin tsamiya, aka loda tukwane ba ko ɗaya da ta fashe.

"Na sauke ta nan," in ji Kaka, "mai so ya ɗauka."

Ni fa ban ɗauka ba. Na miƙe tsaye na ce, "Kaka, wannan ai cuta ce! Kande ce ta sani, Dogo ya ci suna!"

Ta ce, "Zauna, 'yar sanda. Kande suna take nema ko tukwane?"

"To ai da ta faɗa wa mutane."

"Da ta faɗa, wa zai yi mata haƙan? Agwagi?"

Aka yi mini dariya, na yi fushi na ƙi karɓar masarata, abin da na yi nadamarsa kafin a kwashe tuwo.

Wata rana na tambaye ta ko da gaske an yi ƙauyen. Ta ce ita dai ba ta ga Kande ba, amma ta ga irin hanyar da idonta, har ma babanta ya tuƙa ta a ciki tana zaune a kan buhun gero. Ta ce garuruwan bakin kogi da dama suna da irinta, 'yar siririya, faɗin kwalekwale ɗaya, in biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe cikin ciyawa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka akan yi gayyar yasa, a kwashe laka da ciyawa, kowane gida ya san iyakar rabonsa. Da aka kawo hanyar mota aka yi gada, fatake suka koma lori, aka daina yasa. Shekara kaɗan hanyar ta cike. Ta ce in ka je yanzu ba abin da za ka gani sai layin ciyawa da ya fi sauran kore. Ba ta faɗe shi da baƙin ciki ba. Cewa ta yi lori ma yana da daɗi, sai dai ba ya barin mutum ya sa hannu a ruwa.

To, yanzu ga ni da furfura, ga Yakubu da igiyarsa. Gaskiya zan faɗa, niyyata ta farko ita ce in bari ranar mitin, bayan an tashi daga coci, in wanke shi tas a gaban kowa. Na iya. Unguwar nan ba wanda bai san bakina ba. Har na shirya maganganun, ina wanke-wanke ina maimaita su. Sai na zauna na duba abin da zai biyo baya. Babansa ne shugaban kwamiti. In na kunyata yaron, uban zai kafe, sauran maza su ce tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba ce za ta koya wa injiniya aiki. Za a haƙa bisa igiya don a nuna mini, katangata kuma ta tafi.

Na jira. Ranar da aka yi ruwan fari, da la'asar, na yafa leda na je na buga musu ƙofa.

"Yakubu, zo ka riƙe mini kwanon nan, hannuna yana ciwo."

"Mama, a cikin ruwan nan? Mene ne a ciki?"

"Ɓawon gyaɗa. Taho dai, ba za ka narke ba."

Muka hau saman layi. Na ce ya watsa. Ɓawon ya bi ruwa, muka bi shi, ni da sandata shi da silifas ɗinsa a hannu. Ɓawon ya bi igiyar Yakubu tiryan-tiryan har kusa da gidana, yaron yana murmushi. Sai ɓawon ya yi kwana, ya bar igiya, ya zagaya ta bayan shagon mai injin niƙa, ya gangara rafi. Wanda ya rage kuma ya taru a gindin katangata yana juyawa wuri ɗaya. Yakubu ya tsaya ya daɗe yana kallo, ruwa yana zuba daga haɓarsa.

Ya ce, "Mama, akwai tudu a nan."

Na ce, "Ashe? Allah ya yi maka albarka da ka gani."

Ranar mitin ya miƙe da takardarsa, ya ce ya sake nazari, ya gano gangaren ba ta bakin titi yake ba, dole lambatu ya bi ta bayan injin niƙa. Aka tafa masa. Babansa ya gyara zama yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Ni ina kan benci na baya, na danne harshena da haƙori. Na haifi 'ya'ya shida, amma ban tuna naƙudar da ta kai shirun nan wuya ba.

An haƙa lambatu, an yi masa siminti. Damina ta zo da ƙarfinta ta wuce, katangata ko damshi ba ta yi ba. Sai yanzu na gane abin da ya sa Kaka ba ta yarda ta yanke tatsuniyar a inda muke dariya. Sanin inda ruwa zai bi ba shi da wuya, duk mai ido da haƙuri zai sani. Wuyar tana wajen samun hannun da zai yi haƙan, kuma mutumin da ka kunyata ba ya ɗaukar maka shebur. Na yi shekaru ina ganin Kande a matsayin wadda aka cuta. Ashe ita kaɗai ce a ƙauyen nan ta samu duk abin da ta fita nema.

Ranar da aka gama aikin, muna tsaye a bakin lambatu, baban Yakubu ya juyo gare ni a gaban jama'a, fuskarsa cike da fara'a.

"Maman Bulus, kin dai ga amfanin boko ko?"

Yakubu ya sunkuyar da kai yana ta kallon takalminsa. Na dube shi, na dubi uban.

Na ce, "Na gani, Baba. Yaron nan yana da ido."