Igiyar Akuyar Kande

Duk wanda ya san Gangara ya san Kande mai tufka. Tun tana yarinya take murza rama a cinya, har wurin ya yi kanta. Ragaya, igiyar guga, igiyar dabbobi, duk aikin hannunta ne. Abin da ta fi taƙama da shi kuwa ba igiyar ba ce: tsawon zamanta a garin, dabbarta ba ta taɓa cin gonar wani ba, ba a taɓa kiran sunanta a ƙofar mai gari ba. A damina, lokacin da doka take kowa ya ɗaure bisashensa, wannan ba ƙaramin mutunci ba ne.

Bara ne 'yarta Latifa ta zo daga Maraɗi da buhun tsofaffin rigunan gwanjo, irin masu talewa da samari ke sawa.

"Inna, ki huta da ramar nan hakanan," in ji Latifa. "Yanka su za ki yi siri-siri ki kitsa. Haka matan birni ke yi yanzu."

Kande ta gwada, abin ya yi kyau ƙwarai, ja da kore da ruwan ƙwai. Sai dai kyan a ido ya tsaya. Almakashinta ya dakushe. Ragayar da ta rataya kusa da rufin ɗaki ta riƙa saukowa a hankali har ƙwaryar nono ta iso bakin kyanwa. Jan kuwa zuba yake yi, ya rine mata tafin hannu kamar mai shirin biki. Amma Kande mace ce mai taurin kai, kuma ba ta son a ce aikin 'yarta banza ne. Ta kitsa igiya mai kauri, ta ɗaure babbar akuyarta da ita a bayan gida, inda darni kawai ya raba ta da gonar waken maƙwabcinta Hambali.

Aka kwana ana ruwa. Da safe ta fito ta tarar da turke da igiya, babu akuya. Tsumman ya sha ruwa ya saki, maɗaurin wuyan ya buɗe har ɗan maraƙi ma zai iya zare kansa. Waken Hambali ya fara fure, shi kuma mutum ne da ba ya barin magana ta kwana a cikinsa. Ta bi sawun kofato a cikin laka ko takalmi babu, tana salati, tana jin kunyar tun ba ta zo ba.

Sawun ya bi gefen darni, ya kai bakin gonar waken, sai ya karkata hagu. Can ta hango akuyar tsaye a tsakiyar ɗan fegin kuɓewarta, ciki ya yi tim, ta aske ganyen tas.

Kande ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fashe da dariya har da hawaye.

Hambali ya leƙo ta kan darni. "Inna Kande, lafiya? Ta cinye miki miyar shekara, kina dariya?"

"Tawa ce, ɗan nan," ta ce, tana share ido da bakin zane. "Alhamdu lillahi, duk tawa ce ta ci."