Malama Mai Kwali da Autar Tela

Tun kafin a kaɗa ƙararrawa za ka tarar da ita a aji, almakashi a hannu, tana yanka kwalin sabulu. A tsakiyar kowanne sai ta fitar da 'yar siririyar taga, daidai faɗin layi ɗaya na littafi. Yaro ya ɗora a kan shafi, ya ga layin da yake karantawa kaɗai, sauran su ɓuya. A nan ta samo sunanta, Malama Mai Kwali. A wannan watan za ta yi ritaya, bai kamata ta tafi shiru ba.

Akwai yaran da kansu ke ja sarai, amma da sun dubi takarda sai haruffa su cakuɗe musu. Su ake ce wa daƙiƙai, su ke shan bulala. Su kuma Malama ke jawowa bencin gaba.

Wani tela da ke bayan makarantar ya gani da idonsa. Autarsa ta maimaita aji, ga shi tana neman sake maimaitawa. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya gaji. Wata safiya ya rufe shago ya nufi ajin, ya riga ya gama yanke shawara.

"Malama, na zo tafiya da Auta ne," in ji shi. "Ko allon shagona ba ta iya karantawa. Gara ta zauna kusa da ni ta koyi sa maɓalli."

"Baban Auta, zauna tukuna a tashi darasi," ta ce. "Ku teloli kun saba sa mutane jira, yau kai ma ka ɗanɗana."

Haka ya lanƙwashe a bencin baya, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa. Malama ta karanta wa ajin labari, ta shiga tambayoyi da baki. Hannun Auta ne ke fara tashi, amsarta kuma ba gyara. Tela ya muskuta, ya sake duban yarinyar ko dai ba tasa ba ce.

Sai aka zo karatu ɗaya bayan ɗaya. Da ya ji an kira Auta, ya san nan ne wurin kunyar. Abin da bai sani ba, Malama ba ta taɓa kiran irin waɗannan yara ba shiri. Tun jiya ta nuna wa Auta layukan da za su zo kanta, sun bi su tare lokacin hutun tara. Yarinyar ta ɗora kwalinta ta fara, a hankali. Ta cije a wata kalma. Ajin ya yi tsit, ba mai dariya, ba mai faɗa mata, don an koya musu jira. Can Auta ta fito da kalmar da kanta, ta ƙarasa.

"Ashe tana ganewa?" ya tambayi Malama bayan an tashi.

"Tun da can tana ganewa. Kaɗan-kaɗan take so a ba ta, kuma a jira ta. Ka bar mini ita."

Ya bar ta. Yanzu Auta tana sakandare. Har gobe ba ta da saurin karatu, amma tana karantawa, ba ta kuma tsoron littafi.

Malama, ke ce kika share wa iyaye hawaye ba tare da kin ɗaga murya ba. Ke ce uwar masu tafiyar hawainiya, kin tsaya sai da na ƙarshensu ya iso. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma malaman da ta bari, in yaro ya cije a gaban allo, ku rage gaggawa, ku nemi inda abin yake ƙulle masa kafin ku laƙaba masa suna.

Tela ya ce lallai a haɗa da tasa godiyar. "A gaya mata," in ji shi, "na je ɗauko 'yata na dawo ni kaɗai, kuma ban taɓa yin tafiyar banzar da ta yi mini daɗi kamar ta ranar ba."